Layi Huɗu a Bakin Ƙofa

4 ga Maris

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya kuma idon? Baba ya ce likita ya hana ki kallon allon kwamfuta da na waya gaba ɗaya, shi ya sa na ɗauko biro, na kuma yi rubutun da manyan baƙaƙe don kada ki sha wahala. Mu nan lafiya ƙalau. Ƙaramar tawa ta zubar da haƙoran gaba biyu, tana yawo tana nuna wa kowa giɓin kamar wata gasa ta ci. Babanta yana gaishe ki. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, sai dai har yanzu yana satar hawa bene idan ya ga idonmu ba ya kansa.

Na san na yi laifi. Shekara biyu ba ki ji ɗuriyata ba, sai yau da buƙata ta koro ni. Ki yi mini faɗan, na shirya.

Gwaggo, an mayar da ni sashen babbar manhaja, wadda ke tafiyar da na'urorin gwajin jini da kamfaninmu ke haɗa wa ƙananan asibitoci. Ɓangaren fayil aka ba ni, wato mai ajiye sakamako a faifai. Ranar da na buɗe rubutun manhajar sai na ga baƙaƙen sunanki a saman rabinsa, na marigayi mijinki Kawu Injiniya a saman ɗaya rabin. Na san a nan kuka yi aiki ku biyu, amma ban taɓa zaton zan zauna cikin aikin hannunku ba. Sai da na tashi na tsaya jikin taga na ɗan lokaci kafin na iya ci gaba.

Ga abin da ya kawo ni. Asibiti biyu sun kawo ƙara: na'ura takan nuna an ajiye sakamako, washegari a duba babu komai. An sake kiran marasa lafiya a ɗebi jininsu, har da wata tsohuwa da sai da aka sake ɗauko ta daga nesa. Shugaban sashe ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu in gano layin da ke yin haka, in rubuta rahoto ga masu duba kayan asibiti. A takardar rahoton akwai gurbin da za a rubuta ɓangaren wa ne laifin.

Kin san guntayen rubutun nan da kuke kira 'yan aike, don kowanne ana aikensa ya dawo da amsa? Har yau haka ake ce musu a ofis. To, 'yan aiken Kawu idan sun yi rubutu a faifai sukan dawo da adadin abin da suka rubuta, idan sun kasa su dawo da lamba ta ƙasa da sifiri, kowace lamba da irin matsalarta. Naki kuwa ba su san ƙasa da sifiri ba sam, a wurinsu sifiri shi ne an kasa. Gida ɗaya, yare biyu. An ce in mayar da amsoshin duka iri ɗaya, kuma ban san na wa zan ɗauka ba.

Na kuma ci karo da wata tsohuwar jaka a kabad, mai maganar irin wannan ɓatan sakamako shekara ashirin da shida da suka wuce, da sunan Kawu a kai. Duk ofis babu wanda ya san labarin. Ke kaɗai kika rage da zan tambaya.

Taki,
Tsinke, ko da yake sunan ya daina dacewa da ni tun haihuwar ƙaramar.

12 ga Maris

'Yata Tsinke,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku da gilashin ƙara girma. Idon da sauƙi, ana ɗiga magani safe da yamma. Ki ce wa ubanki in ya faɗo daga benen nan ba ni zuwa dubiya. Kakanki da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka na san inda taurin kan ya samo asali. Faɗan shekara biyu kuwa na ajiye shi sai kin zo, a takarda ba ya daɗi.

Kin sa ni dariya da yare biyu. Ai sai da muka yi wata uku muna ja-in-ja a kan wannan, a ofis a yi, a dawo gida a ɗora, har abinci ya huce a gabanmu. Ni cewa nake adadi ba ya zama ƙasa da babu. Wa ya taɓa rubuta ƙasa da babu a faifai? Shi kuma ya ce bai isa ɗan aike ya dawo ya ce bai samu ba, sai ya faɗi dalili. Da muka ga aikin zai ci auren, sai muka raba gida. Shi ya ɗauki ƙasa, wato taɓa faifan kansa. Ni na ɗauki sama, sunayen fayil da jakunkunansu. Muka yi alkawari ba ya taɓa rubutuna, ba na taɓa nasa, ko da waƙafi ne. Tsakaninmu akwai ƙofofi arba'in da ɗaya da nake bi in aiki 'yan aikensa, kuma ƙofofin a hannunsa suke. Da wannan alkawari muka zauna lafiya har Allah ya ɗauke shi.

Maganar jaka kuwa, kin taɓo inda ke ciwo. Lokacin watana takwas da fara aiki, ba a ma tabbatar da ni ba, ni kaɗai ce mace a sashen, shi kuma shi ne shugaba. Wani asibiti ya rasa sakamakon mako guda cur. Injiniya ya kwashi takardun rubutun ya kulle kansa a ƙaramin ɗakin taro kwana biyu, ko ni bai bari na shiga ba. Da ya fito ya wuce kai tsaye wurin manya ya ce kuskurensa ne, ya kuma gyara. Aka sauke shi daga shugabanci, aka mayar da teburinsa kusa da injin buga takarda, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji tunanin kansa. A nan ya zauna shekara goma sha tara. Bai taɓa ƙorafi ba, ni ce mai yi masa.

To ga roƙona. In dai tsohon kuskuren nan nasa ne ya farfaɗo, ki rubuta abin a hankali. Ki ce tsohon kuskure ne na zamanin da. Ya riga ya biya, kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Ba na son yaran ofis da ba su san shi ba su riƙa ambatonsa da wannan.

Game da wanda za ki ɗauka, ai ba sai kin tambaya ba. Ki ɗauki nawa. Ya fi sauƙi, kuma bai taɓa ɓatar da jinin kowa ba.

Ki shafa mini kan mai giɓi.

Gwaggonki

24 ga Maris

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, idon kuma yana ƙara sauƙi. Na samu takardarki, na gode ƙwarai. Muna lafiya. Mura ta kama ƙaramar amma ta warware. Na isar wa Baba da saƙonki, ya ce ke ma ki daina hawa kujera kina gyara labule.

Aiki yana tafiya. Na samu wurin. Ban gama tattarawa ba tukuna, zan rubuto idan na gama.

Tambaya ɗaya. Kin ce ƙofofi arba'in da ɗaya ne, ni kuma arba'in da biyu na ƙirga. Ko kin tuna an ƙara wata bayan rasuwar Kawu, shekarar da aka sauya zuwa manyan faifai?

An gyara mana na'urar sanyaya ɗaki a ofis, yanzu kuma sanyin ya yi yawa, kowa da rigar sanyinsa.

Ki huta lafiya.

Tsinke

5 ga Afrilu

Tsinke,

Sallama da fatan alheri. Ina nan da rai. Idon yana nan yadda yake. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya.

Kwana goma ke nan ina juya 'yar takardar nan taki. Ke da kika cika mini shafi uku a karon farko, yanzu kin yi mini rowar magana, har kina ba ni labarin na'urar sanyaya ɗaki. Ni za ki yi wa haka? Na ga lokacin da ake goya ki. "Na samu wurin," sai kika yi shiru. Na san irin wannan shirun, shi likitoci suka yi mini a kan Injiniya.

Abin da na fahimta shi ne kin samu abin da ya fi wanda na sani muni a ɓangarensa, kina jin nauyin faɗa mini. Ko kuma kin riga kin miƙa rahoton da sunansa. In haka ne ki faɗa mini kai tsaye, ba yarinya ba ce ni. Abinci ba ya shiga tun da takardar ta zo. Maƙwabciyata mai ɗinki har ta fara tambaya ko ciwon ne ya tashi.

Amsar tambayarki: e, ni na ƙara ta arba'in da biyu, shekara guda bayan rasuwarsa. Manyan faifan suna son a yi musu rubutu da sauri. Da na leƙa ƙofofinsa, karo na farko ke nan da na karanta ɓangarensa da kyau, sai na ga a bakin kowacce ya dasa wani ɗan abu mai layi huɗu da kowace amsa sai ta bi ta kansa kafin ta iso gare ni. Ban ga amfaninsa ba. Na ce Injiniya da tsirfa, har na yi murmushi ni kaɗai a tebur. Ban taɓa masa nasa ba, alkawari alkawari ne ko bayan rai. Na dai buɗe tawa ƙofar a gefe na wuce kai tsaye. Me ya haɗa wannan da matsalarki?

Ki saurara da kyau. In dole sai an cika gurbin nan da suna, ki sa nawa. Na yi ritaya, babu abin da za su sauke ni daga kai, kujerar da nake zaune a kai tawa ce. Ni ina da rai, zan iya ɗauka. Shi ya ɗauki nasa ya isa. Ki ce ni ce, ko da ba ni ba ce, na yafe miki ƙaryar.

Ki rubuto da wuri, kuma ki cika takardar.

Gwaggonki

11 ga Afrilu

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki ci abinci kafin ki karanta wannan. Mu duk lafiya. Ki yafe mini waccan takardar. Sau huɗu na fara rubuta gaskiya ina yagawa, a ƙarshe tsoro ya sa na aiko miki da fanko. Ban miƙa rahoto ba, kuma ban samu komai a kan Kawu ba.

Ga abin da na yi. Na ɗauki na'urar gwaji ta ofis na cika faifanta da gangan har ya ƙi karɓar komai, sannan na ce ta ajiye sakamako, ina bin amsar taki-taki. Ɗan aiken Kawu ya je, ya tarar babu wuri, ya dawo da lambarsa ta ƙasa da sifiri yadda ya kamata. Da amsar ta hau sama sai aka zuba ta a mazubin lamba irin naki, wanda bai san ƙasa da sifiri ba. Kin san mitar tsohuwar mota, idan aka juya ta baya daga sifiri sai ta nuna tara-tara har ƙarshe? Haka ta faru. Lambar kasawa ta rikiɗe ta zama wani ƙaton adadi. Layi na gaba ya tambaya ko an rubuta abin da ake buƙata, ya ga adadin ya ma zarce, sai ya ce an ajiye. Ba ya faruwa sai faifai ya cika ko ya lalace. Manyan faifan nan sun ɗauki shekara shida kafin su cika, shi ya sa sai yanzu.

A ƙofa ta arba'in da biyu ne kawai yake faruwa, Gwaggo.

Daga nan na sauka ma'ajiya na ɗauko rubutun yadda yake kafin abin da ya faru shekara ashirin da shida, na jera shi da na bayansa. A na farkon babu layi huɗun nan a ko'ina, kuma kowace ƙofa tana da wannan ramin. Ɓangaren Kawu ba shi da aibu ko ɗaya, na bi shi layi-layi har sau biyu ina fatan in samu. Mazubin naki ne.

Abin da ya yi a kwana biyun nan da ya kulle kansa shi ne ya rubuta layi huɗu: idan amsa ta zo ƙasa da sifiri, a mayar da ita sifiri kafin a miƙa sama, don ki ji ta da yarenki. Ya bi ƙofofi arba'in da ɗaya ya dasa shi ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ko waƙafi a ɓangarenki ba. A littafin da ake rubuta dalilin kowane gyara, abin da ya sa a ranar kalma uku ne: "Na gyara kuskurena." Da na karanta, a ma'ajiyar na zauna kan kwali na yi kuka mai isata, har mai gadin wurin ya kawo mini ruwa.

Kin ce in sa sunanki ko da ƙarya ne. Da ƙaryar ce da ta fi mini sauƙi.

Yanzu abu biyu ne a gabana. Na farko, wane yare za a bari. Ki gafarce ni, na Kawu zan ɗauka, kowane ɗan aike daga sama har ƙasa ya riƙa dawowa da amsa iri ɗaya a mazubi iri ɗaya. Ma'aikaciyar asibiti tana buƙatar ta san ko faifai ne ya cika ko lalacewa ya yi, sifiri kaɗai ba ya gaya mata. Hakan na nufin sai na sake rubuta amsoshin ɓangarenki duka. Na biyu, gurbin suna. Zan iya rubuta cewa saɓani ne tsakanin ɓangarori biyu, ba a iya tantance na wa ba. Shugaban sashe ba zai tona ba. Sai dai in na yi haka, tsohuwar jakar za ta ci gaba da zama da sunan Kawu.

Ba zan rubuta komai ba sai na ji daga gare ki. Ke kika sa ni son wannan aikin tun ina zama kan cinyarki ina danna miki maɓallai. Ban rage ki da komai a idona ba, ina so ki san wannan.

Taki har kullum,
Tsinke

22 ga Afrilu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya. Kwana goma sha ɗaya babu amsa. Na kira wayar gida sau shida, tana ta ringi ba a ɗauka. Baba ya kira mai ɗinki, ta ce kina fitowa shanya kina komawa, ba kya tsayawa hira. Na ba direban ofis wannan ya kawo miki hannu da hannu tunda zai kai na'ura ta wajenku, zai kuma biyo jibi ko da saƙo.

Na yi nadamar yadda na zubo miki abin gaba ɗaya. Da na zo da kaina na zauna kusa da ke. Baban ƙaramar ma abin da ya ce ke nan, ya yi gaskiya.

Ranar talatin ga wata zan miƙa rahoto. Idan ban ji komai ba zan rubuta ba a iya tantancewa ba, a rufe maganar. Ba na son yin haka, amma na fi ƙin in rasa ki. In fushi kike yi da ni, ki rubuto ko zagi ne.

Tsinke

24 ga Afrilu

'Yata,

Wa alaikis salam. Direban yana zaune a falo yana shan shayi, ya ce zai jira, don haka ba zan yi sauri ba. Lafiyata ƙalau, ina cin abinci, mai ɗinki ta tsaya a kaina. Ki gaishe da ubanki da mijinki da yarinya.

Ba da ke nake fushi ba. Takardarki ko aya ba ta da laifi. Tun kafin in kai maganar mitar mota na gane, na ajiye gilashin. Da ɗaliba ta kawo mini wannan mazubin da jan biro zan zagaye mata shi. Shekara ashirin da shida yana gabana ban gani ba, don ban taɓa zaton akwai abin dubawa a ɓangarena ba.

Bari in faɗa miki abin da ban rubuta a baya ba. A gidan nan, duk ranar da Injiniya ya manta makulli ko ya bar famfo a buɗe, sai in ce ai ba mamaki, wanda ya ɓatar da jinin mako guda. Gaban baƙi ma na sha faɗa. Sai ya yi dariya ya ce a yi haƙuri, Hajiya. Shekara goma sha tara ina yi masa wannan, har a gadon asibiti na faɗa don in sa shi murmushi, ya kuwa yi. Kwanakin nan da ba ki ji ni ba, zama na yi ina tuno kowane lokaci da na faɗa, ina duba fuskarsa. Ban samu rana ɗaya da ya ɓata rai ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na san dalilinsa. Da ya ce ni ce, a ranar za su sallame ni, kuma ba za su sake ɗaukar mace a sashen ba sai bayan shekaru. Ya auna ya ga shi saukewa kawai za su yi. Na gode masa, na yi masa addu'a har muryata ta dushe. Amma kuma na yi masa faɗa, a fili, ni kaɗai a ɗaki. Ya ɓoye wa manya, to, ni fa? Da ya rufe ƙofa ya ce mini ke ce, da na yi kuka kwana biyu na gyara mazubina. Tausayina ya sa ya bar ni cikin duhu, sai ga shi na sake haƙa ramin da hannuna, aka ɗauko baiwar Allah tsohuwa daga nesa aka sake huda ta. Alhakinta a kaina yake, amma shi ma yana da ɗan kaso, kuma na gaya masa.

Don haka kada ki kuskura ki rubuta ba a iya tantancewa ba. An tantance. Ke kika tantance, kuma aiki mai kyau kika yi, na yi alfahari da ke ko da ni aka kama. Kada ki yi mini irin alherinsa, sau ɗaya ya ishe ni. Ki rubuta sunana cikakke a gurbin, da na yanzu da na wancan karon. Ki nemi a saka kwafin rahoton a tsohuwar jakar, a saman takardarsa, yadda duk wanda ya buɗe shi zai fara gani. In shugabanku yana son sa hannuna, direba ya san gidan yanzu. In akwai hanyar da za a isar wa asibitocin nan biyu cewa wadda ta yi kuskuren tana ba da haƙuri, ki isar.

Yare kuwa, ki ɗauki nasa. Shi ke da gaskiya tun a teburin cin abinci, ga shi na faɗa, ko da yake na makara. Ki bi ɓangarena ki sauya kowane mazubi, kada ki ji nauyi, kada ki bar ko ɗaya don tunawa da ni. Alkawarin rashin taɓawa tsakanina da shi ne, ke bai hau kanki ba.

Saura layi huɗun. Idan kin gama, sama da ƙasa suna magana iri ɗaya, ba su da sauran aiki, kuma na san ki, za ki so ki bar su don tausayi. Kada ki bari. Abin da ke ɓoye dalilin kasawa ba shi da wuri a na'urar asibiti, shi da kansa zai faɗa miki haka. Ki buga mini su a takarda da manyan baƙaƙe ki aiko, ina so in karanta su a hankali, yadda ban yi ba wancan karon. Sannan ki bi ƙofofin nan arba'in da ɗaya ki goge su da hannunki. Shekara ashirin da shida Injiniya yana tsaye a wurin yana tare mini, bakwai daga ciki yana kabari. Ki ce masa na sani yanzu, ya je ya huta.

Gwaggonki